Tebur Ya Yi Tafiya

A tsibirin Chiloé ruwa ba ya neman izini.
Yakan sauka kwana tara a jere,
ya shiga rufi, ya shiga gishiri, ya shiga burodi,
har ashana sai an lallashe ta kafin ta kama.
A nan mahaifina Eleuterio ya shekara arba'in da ɗaya
yana auna katako da kunci.
Ya manna allo a fuska, ya lumshe ido,
ya ƙwanƙwasa kamar mai sallama a ƙofar maƙwabci,
ya ce, "Wannan ya isa,"
ko ya ce, "Bar shi ya ƙara barci."

Bai taɓa kuskure ba
sai da tebur ya yi tafiya.

Na itacen mañío ne, mai cin mutum goma.
Muka aika shi arewa, can Calama,
garin da sama ta manta yadda ake kuka.
Wata uku, hoto ya shigo waya:
tsaga tun daga kai har ƙarshe,
a zura cokali ya wuce.
Baba ya daɗe yana kallo.
Ranar miyarsa ta huce a kwano.

Talata na hau mota zuwa Castro
da kuɗin kujeru biyu a aljihun kwat.
Baldomero mai kanti ya jera mini ma'aunin danshi uku.

Ya ce, "Wannan mai haƙora biyu ne,
sai ya ciza yake magana.
Zai faɗa miki abin da ke ciki,
ya bar miki tabo kamar saran maciji.
Wancan kuwa mai ladabi ne,
a kwantar da shi, ya leƙa, ba rauni,
amma yana son allo mai santsi,
in allon siriri ne kuma
har bencin da ke ƙasa sai ya haɗa a lissafi."

Na nuna na ukun, rawaya, mai sauƙin kuɗi.
Ya ture shi da bayan hannu.
"Ba ya tambayar sunan itace.
Duk ɗaya ne a wurinsa, mai nauyi da sakayau.
Araha ba ta ado, Nélida.
Ke dai faɗa mini, yaya katakonku yake zuwa?"

Da kaushinsa yake zuwa, daga injin Chonchi,
da gashin zarto a jikinsa.
Ramuka biyu kuma ana ɓoye su
a gefen da zai kalli ƙasa.
Na ɗauki mai cizon,
da haƙoran canji, da batir.

A gida Baba ya hau tsani da kansa,
ya sauko da allon da ya fi ƙauna,
shekara huɗu yana kwance a rufi.
Ya manna kunci. "Busasshe, ƙayau."
Na danna haƙora.
Goma sha bakwai cikin ɗari.
Baldomero ya ce Calama ba ta yafe fiye da bakwai.

An ce labarin zuciya a tambayi fuska.
Katako bai ji wannan karatu ba.

Shiru ya yi tsawo, yayyafi na taka kwano.
Sannan Baba ya ce,
"Bai yi ƙarya ba. Ni ma ban yi ba.
Kuncina tsibiri ya sani,
wannan abu kuwa ya san hanya."

Yanzu muna da ɗaki bayan murhu
inda alluna ke zufa a hankali, mako bayan mako.
Jiya da dare na fito shan ruwa,
na hango shi da fitila a can,
yana cizon katako ɗaya bayan ɗaya,
yana rubuta lamba da fensir a goshin kowanne.
Sha ɗaya. Tara. Tara da rabi.

Da ya gama, ya waiga ko ana kallo,
ya ɗaga na ƙarshen,
ya kai shi kunci.